Fashi a Sararin Sama: Kwana Biyu a Gandun Dajin W

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mahauta a Yamai ko Maraɗi ya san shirwa. Ya ga yadda takan fizge tsoka daga tiren yaro, kafin ta yi nisa ƴan uwanta uku sun rufa mata. Ta yi sata a ƙasa, a yi mata fashi a sama. Na daɗe ina ɗaukar wannan hali a matsayin lalacewar tsuntsun birni, wanda zama da mutane ya koya wa kwaɗayi. Tafiyar da na yi zuwa gandun dajin W a watan Janairun 2009 ita ce ta raba ni da wannan zato.

Daga Yamai zuwa Tapoa, ƙofar gandun, kimanin kilomita 150 ne. Ta Sayi ake bi, garin malamai, daga nan sai jar hanya da ƙura. An kafa gandun a 1954, ya haɗa ƙasashe uku, Nijar da Binin da Burkina Faso, kuma a 1996 hukumar UNESCO ta sanya ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya. Sunan ya samo asali ne daga lanƙwasar da kogin Isa yake yi a wurin, mai kama da harafin W na boko. Abokan tafiyata giwa da ɓauna suka zo gani. Ni ma, gaskiya, su na zo gani.

Washegari bayan sallar asuba muka gangara bakin kogi, muka shiga kwalekwalen wani dattijo Basarke. Hazo bai gama washewa ba ya ɗaga filafili ya nuna mana wani tsuntsu mai duhun baya da farin ciki, yana tsaye cak a iska yana kaɗa fukafukai. Ya ce, "Wannan baƙo ne, Malam, da ɗari yake zuwa." Haka ne kuwa. Shahon kifi ne, wanda ake ce wa balbuzard da Faransanci. A Turai yake ƙyanƙyasa, ya ƙetare Sahara wajen Oktoba, ya koma wajen Maris. Sau biyu ya faɗa ruwa ya fito hannu wofi. A na uku ya shiga da ƙafafu gaba har ruwa ya rufe shi, ya taso da ƙarfasa, ya girgije jikinsa a sama, ya juya kan kifin ya fuskanci gaba don kada iska ta dame shi.

Sai muka ji kuka daga ƙetare, mai kaifi, mai nisan zango. Gaggafar ruwa ce a kan wani busasshen itace: kai da ƙirji da wutsiya farare fat, ciki ja, fukafukai baƙaƙe. Ashe tun ɗazu tana kallo. Ba ta motsa ba sai da aiki ya ƙare. Ta taso ta hau bisansa, ya kauce, ta sake hawa, ya yi ƙasa har ya kusa taɓa ruwa. Nauyinta ya kusa ninka nasa, ga shi kuma da kaya a ƙafa. Bai kai minti guda ba ya saki kifin, ta cafe tun bai nutse ba, ta koma itacenta. Na tambayi dattijon, "Baba, ita ba ta iya kamu ba ne?" Ya yi dariya ya ce ta fi kowa iyawa, amma don me za ta jiƙa jikinta alhali ga mai jiƙa nasa? Haka take yi wa zalɓe da kwasakwasa, in ji shi, har masunta in suka yi sakaci.

Da la'asar jami'in gandun da ke rakiyarmu ya hango jewa a sama, ya ce ungulu ba ta jewar banza. Muka tarar da mushen gwanki. A nan ne na fahimci fashin nan yana da tsari. Ungulu ta riga zuwa, amma bakinta siriri ne, ba ya huda fata, sai zagaye take yi. Mikiya suka sauko da yawa suna turereniya. Sannan babbar ungulu mai jan kai da ƙaton baki ta dira, kowa ya ja baya, ta keta fatar. Abin mamaki, wannan kora da ta yi musu ita ce ta buɗe wa kowa abinci. Borin tinke yana tsaye a baya kamar ba ruwansa, da mikiya ta yago tsoka sai ya miƙa dogon baki ya karɓe. Kowa na cin guminsa da gumin wani, kuma kafin magariba ba abin da ya rage da zai ruɓe ya jawo cuta. Mikiyar nan da ke birgima cikin ƙura a kan hanji, irinta ce ta yi karo da jirgin sama a 1973 bisa Abijan, a tsayin mita 11,300.

Abin da ban sani ba a ranar shi ne, a wajen gandun irin wannan taro ya riga ya kusa ƙarewa. Masani Jean-Marc Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye a hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso wajen 1970, ya maimaita a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da ba a killace ba. Guba da ake zuba wa mushe don kashe kura, da cinikin kawunansu wajen masu tsibbu, suna cikin manyan dalilai. A 2015 har ungulun mahauta ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Ban sake komawa ba. Tun wajen 2020 rashin tsaro ya hana baƙi bin hanyar Tapoa. Shirwa kam tana nan bisa gadar Kennedy da maraice, tana korar ƴar uwarta a kan hanjin kifi. Can na kai jikana ran nan, na ba shi wannan labari. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kaka, ungulu kamar yaya take?"