Maɓallin Jan Kaya: Gardamar Mai Mota da Direbansa a Hanyar Maƙarfi

A cikin motocin a-kori-kura da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Toyota Tundra da Ford F-150 da Chevrolet Silverado, akwai wani ɗan maɓalli da aka rubuta wa TOW/HAUL, wato ja da ɗauka. A wasu yana bakin sandar giya, a wasu kuma yana jikin allon da ke gaban direba. Kamfanin General Motors ya sa shi a a-kori-kurarsa tun samfurin 1999, sauran kamfanoni suka bi sahu. A ƙasar Zazzau kuwa, inda motar ke isowa bayan ta sha jiki a hannun wani, sau da yawa ba littafinta a ciki, maɓallin ya zama abin ka-ce-na-ce.

Wani ma'aikacin banki ɗan asalin Kudan, mazaunin Kaduna, ya sayi tsohuwar Tundra domin aikin gonar gidansu. Ya damƙa ta ga wani dattijo, abokin marigayi mahaifinsa, wanda ya fara tuƙi da Fijo 404 a zamanin da kamfanin Peugeot na Kaduna, da aka buɗe a 1975, ke cika titunan Arewa da motoci. Aikin motar sananne ne: taki da damina, masara da kaka, tumatir da rani daga fadamun Hunƙuyi, ranar Laraba kuma rake zuwa kasuwar Maƙarfi, wani lokaci da 'yar tirela a baya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai motar ya koma bin lissafin kowace lita. Da ya lura man yana saurin ƙarewa ranakun lodi, kuma ya ga fitilar maɓallin a kunne, sai ya ce, "Baba, don Allah a daina danna abin nan, shi ke shanye mana mai." Dattijon ya ce, "Ɗana, man yana sha, gaskiyarka. Amma ka saurari kukan motar in an kashe shi da kaya a bayanta."

Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, sai dai ɓangaren dattijon ya fi tsada idan aka yi watsi da shi.

Giyar otomatik an tsara ta ne da tunanin mota marar kaya. Burinta ta hau babbar giya da wuri, inji ya yi sanyi, mai ya yi auki. Idan aka ɗora mata buhun masara takwas, ko aka ƙulla mata tirelar rake, wannan lissafi ya rushe. Za ta hau babbar giya, ta ji nauyi ya rinjaye ta, ta sauko, ta ɗan samu numfashi, ta sake hawa. Direba zai ji ta tana kai-komo tsakanin giya biyu kamar mai neman abin da ya ɓace masa. Kowane canji yana goga farantan kulocin da ke cikin giyabos, kuma tsakanin inji da giya akwai wani tulu da makanikai ke kira konbata, wanda da mai yake isar da ƙarfi. Muddin bai kulle ba, yana zamewa, zamewar nan kuwa zafi take haifarwa. Man giya yana aiki lafiya a wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salsiyos. In ya zarce haka da nisa, ya daɗe a can, sai ya ƙone, ya bar launinsa ja ya koma baƙi-baƙi mai ƙauri, robobin da ke tare mai su bushe, farantai su fara sulɓi. Giyabos ba ya mutuwa rana ɗaya, shi ya sa ake raina abin. Yau za a ji ɗan jinkiri wajen shiga ribas, wata uku gaba a ji bugu, ranar da za ta tsaya kuwa ba ta zaɓar wuri. Wanda motarsa ta mace tsakanin Paki da Ikara da tumatir a baya, cikin ranar watan Maris, ya san cewa asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba.

Abin da maɓallin ke yi shi ne sauya wa kwamfutar motar lissafi. Yana sa ta riƙe ƙaramar giya ta daɗe kafin ta hau ta gaba, ta daina kai-komon nan, a motoci da yawa kuma ta guji giya mafi girma. A gangara, idan direba ya taɓa birki, sai ta sauko da giya da kanta, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Wannan na ƙarshe ya shafi rai. Birkin da aka taka tun daga kan tudu har ƙasa da tan biyu a baya yana zafi ya yi laushi, ƙafa na ƙasa mota na tafiya. Dattijon bai karanta wannan a littafi ba. Shekara da shekaru hannunsa ne ke yin aikin a Fijo: ba ya hawa lamba huɗu da lodi sai hanya ta miƙe, ba ya tunkarar gangara sai ya dawo lamba biyu. Da ya danna maɓallin ya ji motar ta yi abin da shi zai yi, sai ya gane ɗan'uwansa.

To, yaushe ake danna shi? Littattafan General Motors sun ba da ma'auni: amfaninsa ya fi bayyana idan nauyin mota da tirela ya kai kashi 75 cikin 100 na iyakar da aka ƙayyade musu a haɗe. A ce iyakar tan 7 ce, to daga wajen tan 5 da kwata ke nan. Sun kuma ambaci hanya mai hawa da sauka, da cunkoson tsaya-tafi. Matsalar ita ce babu wanda ke auna rake a bakin gona, ana lodi ne har sai ido ya ƙoshi. Don haka kunne ya fi sikeli amfani a nan. In motar na canza giya bini-bini a hanyar da ba ta canza ba, lokacinsa ya yi.

Mai motar ya kawo hujjar da ta cancanci a saurara: ƙasar Kudan da Maƙarfi da Ikara shimfiɗaɗɗiya ce, ba Kagoro ba ce, ba hawan Filato ba ne, ina tsaunin da ake tsoro? Haka ne, amma tudu ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke dafa man giya. Hanyar burji mai ramuka, inda ba a wuce gudun kilomita 20 zuwa 30 a awa, tana hana iska isa ga lagireto. Fita daga fadama da lodi hawa ne, ko da gajere ne. Shiga Maƙarfi ranar Laraba, tsakanin amalanke da babura da manyan motocin rake, tafiya ce ta taku ɗaya a tsaya. A haɗa da zafin bazara da ke kusantar digiri 40. A irin waɗannan wurare maɓallin ya ci kuɗin man da yake sha.

Inda mai motar ya yi daidai shi ne dawowa. An sauke kaya, an hau kwalta daga Tashar Yari zuwa Zariya, mota wayam: barin sa a kunne ba zai lalata komai ba, amma inji zai riƙa ihu a banza, man kuma na tafiya. Dattijon ya yarda da wannan ba musu. Akwai kuma wurin da kashe shi ya zama dole. A cikin Agusta, lokacin da jar ƙasa ta zama santsi, saukowar giya kwatsam na iya sa tayoyin baya su zame, motar ta juya gindi, musamman da tirela na tura ta. Kamfanin Ford ya yi gargaɗi a kan haka a littattafansa, yana nufin ƙanƙarar ƙasashen sanyi da duk wata hanya mai santsi, taɓon fadama kuwa bai fi ƙanƙara tausayi ba.

Mai Hilux zai ce shi bai ga wannan maɓalli ba. Yawancin Hilux na ƙauye giyar hannu ce, direba ne kwamfutarsu. Masu otomatik kuwa suna da makwafinsa: a tsofaffi a kashe O/D, a sababbi a mai da sanda kan S a tsayar da ita a lamba huɗu ko ƙasa da haka gwargwadon hanya.

Abin da ya fi ba mai motar mamaki bai shafi maɓallin ba. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takardar da ke faɗin nauyin da motar za ta iya ɗauka, har da mutanen ciki. Tundra, duk girman jikinta da ƙarar injinta, an gina ta ne don ja fiye da ɗauka, kuma abin da aka yarje mata a baya bai kai tan ɗaya ba. Buhun masara goma ya riga ya haye iyakarta, haka buhun taki ashirin. Maɓallin ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ba ya ƙara wa taya ko birki. Yana kare giya ne a cikin iyakar da aka shata, kuma haɗarinsa shi ne yana sa motar da aka yi wa lodin wuce kima ta ji kamar lafiya lau take. A nan dattijon ne ya yi shiru, domin a makarantar Fijo an koya masa cewa mota ba ta cika sai ƙarfenta ya kusa taɓa ƙasa.

Sun tsaya a kan tsari mai sauƙi: a danna idan an ƙulla tirela ko an yi cikakken lodi, a kashe da zarar an sauke ko hanya ta jiƙe, a riƙa duba launin man giya kafin kakar tumatir. Batun yawan buhuna ne ba su gama ba. Mai motar ya ce bakwai, dattijon ya ce ba a taɓa jin an kira mota har gona don buhu bakwai ba, kuma sawu biyu ma ai mai ne.