Fentin Zinariya Ba Ya Rufa wa Bango Asiri

Mutanenmu suna son ɗaki mai ƙyalli tun ba yau ba. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a ƙasar Hausa ya ga jere, tasoshi da kwanuka an shirya su a bango suna walƙiya. Yanzu kuwa masu hali sun sami wata hanya, watau a shafe bangon falo da fenti har ya yi kama da zinariya ko azurfa. Na koyi wannan aiki a hutun da ya wuce, na ga ya kamata in gaya wa 'yan'uwana abin da na gani, gama ya shafi aikin da mu ke koyo a nan.

Da fari dai, babu zinariya ko ƙwaya ɗaya cikin gwangwanin nan. Na launin azurfa, garin alminiyam ne a ke zubawa. Na launin zinariya, wani garin tagulla ne, watau jan ƙarfe da aka gama da tutiya, wani kuma garin wani dutse ne mai ɓarewa falle-falle da a ke kira maika. Garin nan ƙanana-ƙananan falle ne, su kan kwanta bisa bango, kowane ɗaya yana mai da haske kamar ɗan madubi. Saboda haka tilas a riƙa dama fentin kullum, in ba haka ba garin ya kwanta a gindin gwangwani.

Kawuna mai fenti ne a Sabo ta Ibadan, wurinsa na yi hutu domin in sami kuɗin littattafai. Wani attajiri ya kira mu, yana so a yi masa falo mai launin zinariya kafin bikin 'yarsa, saura kwana 10. Da muka je, sai muka tarar filastar ba ta fi mako ɗaya ba, ga damina. Kawu ya ɗora tafin hannu a bango, ya ce, "Alhaji, bangon nan bai sha iska ba. Sabon siminti sai ya yi wajen mako 4 kafin ya karɓi fenti. In na shafa yau, ran biki zai yi kyau, amma kafin amarya ta zo ganin gida ya yi baƙi yana ɓarewa." Alhaji ya ce akwai masu fenti da yawa a gari. Kawu ya ce haka ne, muka yi sallama.

A hanya raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin littattafaina ne ya tafi. Na ce, "Kawu, ai da mun yi, mun karɓi kuɗinmu." Ya ce, "Ɗana, fenti fari ya kan ɓoye laifin magini, amma mai ƙyalli tona shi ya ke yi. Sunana kuwa a bangon nan zai zauna."

Bayan kwana kaɗan muka sami wani aiki a tsohon gida busasshe, a nan na ga gaskiyar maganarsa. Kwana 3 muka yi ba mu buɗe gwangwanin zinariya ba. Muka cike tsaga, muka goge da samfefa, muka share ƙura. Da dare Kawu ya kan kara tocila a gefen bango, duk inda inuwa ta fito, a sake gogewa. Sa'an nan muka shafa fenti mai duhu, ja-ja kamar ƙasa, muka bar shi ya bushe. Ran na huɗu aka zo kan zinariya. Ba a jan buroshi sama da ƙasa, gama layi zai fito. Da soso ko tsumma a ke dangwalawa, a bar duhun nan yana leƙowa kaɗan-kaɗan, shi ne ke sa ido ya ɗauka ƙarfe ne da aka ƙera. Kuma in an fara bango ba a tsayawa sai an kai kusurwa, domin inda busasshe ya gamu da ɗanye tabo ya kan zauna. Aikin zinariyar duka yini ɗaya ne.

To, 'yan'uwa, ga mu muna shirin fita koyarwa ta gwaji. Da sauƙi a sa yara su haddace amsa goma, ran da mai duba aiki zai zo su rera ta da murya ɗaya, a ba malami maki. Wannan fa zinariya ce bisa ɗanyen bango. Yaron da bai gane haruffa ba, ko bai san dalilin da ya sa 7 sau 8 ya zama 56 ba, zai tafi aji na gaba ya ɓare a hannun wani malami, iyayensa kuwa sun sa rai gare shi. Aikin cike tsaga ba wanda ke tafa masa, yana cin lokaci, wani sa'i ya jawo mana faɗa. Amma ni dai na ƙudura, ajin da za a ba ni, zan fara gano inda kowane yaro ya ke da tsaga tukuna. Ina roƙonku ku ma ku yi haka.