Taragon Katako Ba Tsintuwa Ba Ne

 

'Yan'uwa Musulmi, Saulawa ba ta bisa layin dogo, amma fatakenta da na Ikara sun daɗe da sanin jirgin ƙasa. Dogon da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta Likoro a ƙasar Kudan da Gimi a ƙasar Makarfi, nan ake loda gyaɗa da auduga. Daga Zariya kuma akwai wani ƙaramin dogo da ya nufi Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau dutse zuwa Jos, ya kai Bukuru a 1914. Don kwasar kuza aka shimfiɗa shi, amma talakawa da almajirai da maniyyata aikin Hajji duk sun shiga taragunsa na katako. Da babban dogo ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957.

Na bi wannan hanya da mota daga Zariya har Jos, ina neman abin da ya saura. Abin da na samu a tsare yana gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, inda aka ajiye kan jirgi da taragun ƙaramin dogon. Mai son gane tarago ya fara da auna tsakanin ƙafafunsa. In ƙafa biyu da inci shida ne, na ƙaramin dogo ne. In ƙafa uku da inci shida ne, na babban layin Ikko zuwa Kano ne. Sa'an nan ya nemi allon ƙarfe da maƙera ke mannawa a gindi, mai sunan kamfani da shekara. Abin takaici, shi ne ɓarayi ke fara ɓamɓarewa, alhali in ya ɓata tarago ya zama kamar littafin da aka yage bangonsa. Katako kuwa maƙiyansa biyu ne, ruwan sama da gara. Rumfar kwano da fenti da tsabtace gindinsa sun fi kowane dogon jawabi amfani.

To, ga mas'alar da ta sa na ɗauki alƙalami. Wasu 'yan kasuwa na ganin duk ƙarfe ko katakon reluwe da aka yasar halal ne ga wanda ya riga kai hannu. Wannan kuskure ne. Tsintuwa a fiƙihu ita ce dukiyar da ba a san mai ita ba, ita ma sai an yi cigiyarta shekara guda. Tarago kuwa an san mai shi, wato Hukumar Jiragen Ƙasa da aka kafa a 1955, dukiyarta kuma ta jama'a ce, har maraya da gwauruwa suna da haƙƙi a ciki. Ma'aikacin da ya sayar da shi a ɓoye ya ci amana, dillalin da ya saya yana sane ya yi tarayya da shi. Sakacin mai dukiya ba ya halatta ta ga wani.

Akwai kuma masu cewa adana tsofaffin kaya al'adar Turawa ce. Alhazanmu su ba su amsa. A unguwar Anbariyya ta Madina akwai tashar dogon Hijaz, wanda Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya fara daga Dimashƙa a 1900 da gudummawar Musulmin duniya, ya isa Madina a 1908. Yaƙin Duniya na Farko ya lalata shi, amma an gyara tashar, an mayar da ita gidan tarihi, da kawunan jirgi da taragu. Ba bauta musu ake yi ba, dubawa ake yi a tuna wahalar magabata wajen ziyarar Manzon Allah.

Ina roƙon sarakunanmu da shugabannin ƙananan hukumomin Ikara da Makarfi da Kudan, in an san inda wani tsohon tarago yake, ko da an mayar da shi shago ko rumbu, a rubuta lambarsa, a auna shi, a sanar da hukumar gidajen tarihi kafin damina ta sauka.