Allurar Da Ta Yi Mini Ƙarya

Mahaifina ya rasu ya bar mini wata tsohuwar mota Volkswagen, irin wadda muke kira kunkuru a gidanmu saboda ƙusumbin bayanta. Tana cikin waɗanda aka harhaɗa a Ikko, inda aka fara wannan aiki a 1975. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, tankin mai kuwa yana gaba, yana cin lita 40.

Ran nan da kaka na ɗauki Inna daga Funtuwa zan kai ta asibiti Zariya, ƙirjinta ya dame ta. Kafin mu tashi na dubi ma'aunin mai, na ga allura tana kan rubu'in tanki. Na ce a raina lita 10 ke nan, ta kai mu har da saura. Ko da muka wuce Giwa kaɗan sai mota ta yi tari, ta sake yi, ta mutu. Na duba, allura tana nan kan rubu'i daram. Na buɗe bakin tanki, na girgiza motar, na kasa kunne, ban ji ko motsin ɗigo ba.

Inna ta ce, "Kai wannan, ashe ba ka sha mai ba?"

Na ce, "Inna, allura ta ce akwai."

Ta ce, "To, allurar ta kai mu mana."

Sai da na taka wajen mil 2 na samo galan guda a hannun masu sayarwa a bakin hanya. Muka isa an tashi daga ganin marasa lafiya, dole muka kwana. Allah ya taimaka ciwon bai tsananta da dare ba.

Da muka komo gida na yi niyyar sayen sabon ma'auni. Wani dattijon mai wayarin da ya saba da motar tun zamanin mahaifina ya hana ni. Ya ce, "Ɗana, kada ka kori maroƙi alhali wanda ya ba shi labari ne maƙaryaci. Bari mu gane mai laifin tukuna."

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda ya nuna mini. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙwallo mara nauyi da ke iyo bisa mai, an maƙala shi a bakin siririn hannu na ƙarfe. In mai ya yi sama ƙwallon ya hau, in ya ragu ya sauka. Gindin hannun yana goga wata siririyar waya da aka nannaɗe, wannan gugar ce ke ƙara ko rage wutar da ke bi ta ma'aunin da ke gaban direba. Allura ba ta ganin mai da idonta. Abin da aka aiko mata shi take faɗi. Saboda haka laifi yana iya zama na ma'aunin, ko na wayar da ta haɗa su, ko na abin da ke cikin tanki, ko kuwa tsatsa ta hana wuta komawa ta jikin mota.

Ya buɗe gaban motar, ya ɗaga kwalin da ya rufe tanki, ya zare wayar da ke bisansa, ya ce in murɗa makulli. Allura ta kwanta can ƙasa. Sa'an nan ya taɓa bakin wayar a jikin mota inda babu fenti, sai ga allura tana hawa sannu sannu har ta kai cikakke. Nan da nan ya ɗauke, don in an daɗe ma'aunin na iya ƙonewa. Ya ce, "Ka gani? Ma'auni lafiya, waya lafiya. Da ba ta motsa ba, da mun koma kan fis da bayan ma'aunin. Ɓarawonmu yana cikin tanki."

A nan zan ja kunnen mai karatu. Kafin ka buɗe tanki, cire kan batir, wanda a irin wannan mota yana ƙarƙashin kujerar baya. Ka yi aikin a fili, ba mai shan taba kusa, ba fitilar kwai. Tankin da ba mai a cikinsa ma abin tsoro ne, gama tururin fetur ne ke kama wuta.

Muka kwance kusoshi, muka zaro abin a hankali. Dattijo ya girgiza ƙwallon kusa da kunnensa, don in ya huje ya sha mai nutsewa yake, allura ta riƙa cewa babu alhali akwai. Namu bai huje ba. Amma da ya sauke hannun, sai ya cije a hanya, ya ƙi kaiwa ƙasa. Tsatsa da daskararren mai sun kama magaɗarsa, domin motar ta yi shekara 6 a ajiye bayan rasuwar mahaifina. Daga cikakke zuwa rubu'i gaskiya take faɗi, daga nan ne take tsayawa. Ni kuwa ban taɓa barin mai ya yi ƙasa haka ba sai ran nan, shi ya sa ban gane ba.

Ya wanke wurin da fetur, ya kankare tsatsar, ya yi ta lilo da hannun har ya saki. Muka haɗa waya tun abin yana waje, muka jingina jikinsa da ƙarfen mota nesa da bakin tanki, yana ɗaga hannun ina kallon allura tana binsa sama da ƙasa. Muka sa sabuwar roba a bakin, muka ɗaure.

Yana wanke hannu ya gaya mini cewa kunkurun farko ba su da ma'auni ko kaɗan, sai a 1961 aka fara sa musu. Wani ɗan mariƙi ne kusa da ƙafar direba, in mota ta yi tari ka juya shi, ta buɗe maka lita 5 da ta ɓoye. Ni dai a ganina wannan dabara ba ta da laifi.

Yanzu na ajiye ɗan littafi a aljihun mota, ina rubuta litar da na sha da nisan da na yi. Inna ta warke, amma har yau in za ta shiga sai ta ce in tsaya gidan mai a gabanta.