Matamaye: Mota Mai Buɗaɗɗen Rufi a Hanyar Ɗan Barto

Wanda ya bar Damagaram da sassafe ya nufi Matamaye, sai ya fara bin babbar hanya mai lamba 1 yamma har Takeita, sa'an nan ya karya kudu. Tafiyar duka kimanin kilomita 90 ce. Daga Takeita ƙasa takan sake kama: duwatsu sun koma baya, gonaki sun matsu da juna, itatuwan gawo kuwa sun cika fili har ido ya gaji da ƙirga. Wannan yanki, tare da Magarya da Mirya, shi ne masana ke ba da misali da shi idan ana zancen yadda manoma suka maido da itatuwa cikin gonakinsu tun daga shekarun 1980, ta hanyar kiyaye tohon da ya fito da kansa. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, ya yi kore shar da rani, saboda haka a watan Nuwamba, bayan an kai hatsi rumbu, hanyar tana ratsa inuwa da iska mai daɗi. A irin wannan safiya ce mai tuƙi kan yi sha'awar a ce motarsa ba ta da rufi.

Bayan an wuce Kance da fadar sarkinta, sai ga Matamaye, babban garin gundumar. Ranar Juma'a ce kasuwarta ke ci. Tun da hantsi amalanken shanu ke shigowa da dammunan rake daga fadamu, ga buhunan gero da wake da gyaɗa, ga dabbobi, ga ƴan canji riƙe da Naira da Sefa, domin daga nan zuwa Ɗan Barto, bakin iyaka, tafiya ce kaɗan, gaba kuma sai Kwangwalam da Daura da Kano. Garin ya san mota tun da daɗewa, kuma ya san mota mai rufin tamfol: ita ce Peugeot 404 da 504 ɗin nan ta ɗaukar kaya, wadda ake kira bashe, wadda ta yi shekaru tana jigilar rake da ƴan kasuwa tsakanin ƙauyuka. Abin da garin bai saba gani ba shi ne ƴar uwarta ta alfarma, mai ƙofa biyu, wadda ake naɗe rufinta baya a zauna a sarari, wadda Faransawa ke kira dekapotabul ko kabriyole.

Yau da wayar hannu ke kawo hoton kowace irin mota daga Kwatano da Lome da Dubai, ɗan kasuwar da ciniki ya yi wa kyau, ko ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, yana iya ganin irin wannan mota ransa ya biya. Kuɗin da za a zuba ba kaɗan ba ne, ga wasu ma gumin shekaru ne. Shi ya sa ya dace a auna ta da ma'aunin wannan ƙasa tun kafin a taya.

Ƴar gidan Peugeot

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, kuma a watan Maris na 1969, a bajen kolin motoci na Janiba, ya nuna mai buɗaɗɗen rufi. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta kuma ya ƙera shi. An rage tsawon da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya da santimita 19, aka kwantar da gabanta, ta fito siririya. An ci gaba da yin ta har 1983, amma duka-duka kimanin 8,000 aka ƙera. Yawancinsu injin silinda huɗu gare su, na farko lita 1.8, daga baya lita 2, an kuma yi wasu masu silinda shida daga 1974 zuwa 1977.

Sunan 504 ba ya bukatar mai yabo a wannan yanki. Ta ci gasar Safari ta Afirka ta Gabas a 1975, kuma a shekarar nan ce masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, ta cika hanyoyin ƙasar Hausa da wannan mota har tsawon shekara talatin. Babu garejin da za a shiga tsakanin Damagaram da Kano a rasa wanda ya san cikinta. Nan ne ƙarfin mai buɗaɗɗen rufin yake, domin da yawa daga kayan injinta da na ƙafafunta dangin na sauran 504 ne.

Amma fa dangantakar tana da iyaka. Ba a taɓa harhaɗa ta a Kaduna ba. Ƙofofinta, fitilunta, gilashinta da ƙarafan rufinta nata ne ita kaɗai, wanda ya fasa fitila ɗaya sai ya aika Turai. Haka kuma mai silinda huɗu ba da kafireto take shan mai ba kamar yawancin na Kaduna, famfo ne na musamman ke fesa mata shi, kuma ba kowane makanike ke iya daidaita shi ba. Sa'an nan motar da ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 40. A Turai ta zama kayan masu tara tsofaffin motoci, mai lafiya takan fi sabuwar ƙaramar mota tsada. Wanda aka kawo wa ita da araha, to ya tuna araha ba ta ado: ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba tsatsa, domin motar da ba ta da rufin ƙarfe, ƙasanta ne ke riƙe da ita, idan ya ruɓe ƙofofi ma ba za su rufu daidai ba.

Marsandi, tsohuwa da sabuwa

Ga mai neman alfarma sosai, sunan da ke gaba shi ne Mercedes SL. Akwai zubi da yawa, kuma bambancinsu shi ne zancen.

Wadda aka yi daga 1971 zuwa 1989 ita ce mafi sauƙin hali. Da hannu ake naɗe rufinta, ba ta da na'urori masu yawa, ƙarfenta mai kauri ne, kuma tana zuwa da rufi na biyu na ƙarfe wanda mutum biyu ke ɗorawa su sauke. Aibinta shan mai da tsatsa.

Wadda ta gaje ta, daga 1989 zuwa 2001, ta zo da abin mamaki a zamaninta. Da danna maɓalli rufi ke buɗewa, kuma idan mota za ta kife, wani ƙarfe kan tashi daga bayan kujeru cikin ƙasa da rabin daƙiƙa ya kare kan mutane. Sai dai wannan rufi famfo ne ke motsa shi da matsin mai, ta silindodi fiye da goma, kowane da robarsa. Idan robobin suka tsufa sai mai ya riƙa ɗiga, rufi ya tsaya rabi a buɗe. Waɗanda aka yi a farkon rabin shekarun 1990 kuma suna da wata cuta sananniya: rigar wayoyin injinsu kan bushe ta marmashe da zafi. Mai saye ya tambaya ko an sake su, ya kuma gani da idonsa.

Ta 2001 ta koma rufin ƙarfe mai naɗewa cikin but. Ya fi tamfol tare ƙura da ɓarayi, amma sassansa sun fi yawa, kuma da yawa daga cikin motocin suna tafiya kan ƙafafu masu matsin mai, waɗanda gyaransu ke cinye aljihu.

Sabuwa kuwa, wadda aka nuna a 2021 da sunan Mercedes-AMG SL, ta dawo ga rufin ƙyalle, wanda ke buɗewa cikin kimanin daƙiƙa 15 ko mota na tafiya a hankali, an kuma ƙara ƙananan kujeru biyu a baya. Akwai mai silinda huɗu, akwai mai takwas. A Turai farashinta ya haura Yuro 100,000, watau sama da miliyan 65 na Sefa, kafin a biya jirgi da duwan. Kyanta ba ya da gardama, gudunta kuma ya fi ƙarfin kowace hanya da ke wannan jiha. Abin tambaya shi ne wa zai duba ta. Mota ce da kwamfuta ke sarrafa kusan kome nata, idan ta yi gardama a Matamaye, sai a ɗora ta bisa babbar mota a nufi babban birni, garantin kamfani kuwa ba ya bin motar da aka shigo da ita ta hannun dillali.

Abin da ƙasa ke cewa

Wanda ya ƙera irin wannan mota, bazarar Turai ya duba. A nan shekara kashi huɗu ce, kowane da hukuncinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura tana shiga ko ta kafar allura, ta kwanta cikin ƙarafan rufi ta gauraya da mai ta zama kamar takardar goge katako. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, kujerar fata da ta sha rana ba ta zaunuwa, tamfol yana ƙanƙancewa, ɗinki yana sakewa, tagar roba ta baya tana yin rawaya har ta tsage. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, hadari kan taso da guguwa cikin ɗan lokaci, duk robar da rani ya busar sai ta ba ruwa hanya. Abin da ya rage shi ne kaka, da kuma sassafe da maraice na sauran watanni. Lokaci ne mai daɗi ƙwarai, amma gajere.

Sai hanya. Kan kwalta babu laifi. Matsalar tana farawa inda kwalta ta ƙare. Lungunan Matamaye yashi ne, hanyoyin da ke zuwa fadamun rake kuwa na amalanke ne, tsakiyarsu tudu, gefensu rami. Marsandi SL a kwance take kusa da ƙasa, tudun rage gudu na mashigar gari kaɗai ya isa ya gaisa da cikinta. A nan 504 ta fi ta, domin ƙafafunta masu laushi ne, an yi su don hanya marar kyau.

Sai mai. Shekaru da dama wannan yanki ya dogara ga ƴan ruwa-ruwa masu sayar da man Najeriya a kwalabe bakin hanya. Buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram a 2011, da janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayu na 2023, sun sake lissafin wannan ciniki. Ko ta yaya, tsohuwar Peugeot tana haƙuri da man da ya ɗan sha ƙura. Injin zamani mai fesa mai da matsi ba ya yafewa, kwalba ɗaya marar kyau tana iya jawo gyaran da ya fi albashin wata.

Takardu kafin fenti

Mutanen iyaka sun san tarihin cinikin tsofaffin motoci. Bayan an karya darajar Sefa a ranar 12 ga Janairu 1994, sabuwar mota ta ninka kuɗi dare ɗaya, a lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashi, jama'a suka koma ga na hannu da ke sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Ayarinsu kan hauro ta Malanbil da Gaya da Doso da Birnin Ƙonni, da yawansu kuma Najeriya suka nufa. A ranar 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2019 ta rufe iyakokin har ƙarshen 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya, kaya suka karkata ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Kowane irin wannan sauyi yakan bar motoci a tsakiya, masu takardar wucewa kawai, waɗanda ba a biya musu duwan na zama ba. Irin su ne ake tallatawa da farashi mai daɗi.

Saboda haka mai saye ya fara da takarda. Lambar jikin mota, wadda a motocin da aka yi tun daga shekarun 1980 haruffa da lambobi 17 ce, ta dace da abin da ke rubuce a takardar mallaka da ta duwan, harafi da harafi. Motar alfarma tana cikin waɗanda ɓarayin Turai ke so, kuma ƴan sandan duniya na Interpol suna da rajistar waɗanda aka sace. Sitiyari ya kasance a hagu, domin a Nijar da Najeriya ta dama ake tuƙi. A buɗe rufi a rufe sau uku a jere ana saurare, a watsa masa bokitin ruwa a duba inda ya yoyo, a shinshina cikin but ko akwai warin danshi. A tafi da makaniken da mai saye ne zai biya shi. Hoto a waya kuwa cinikin biri a sama ne.

Hukunci

Ga mai iyali da mota ɗaya, amsar a fili take: kujeru kaɗan da ƙaramin but ba za su kai yara lakwal ba, ba za su kai mara lafiya likita da damina ba. Ga ɗan kasuwar da ya riga ya mallaki motar aiki, yana da rumfa mai ƙofa da zai ajiye ta, kuma ya ware kuɗin gyara dabam da na saye, tsohuwar da ake naɗe rufinta da hannu ta fi kwanciyar rai, ko 504 ce ko Marsandi ta kafin 1989. Sabuwa ta dace da wanda ke zaune kusa da garejin da ya san ta. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Da la'asar sakaliya kasuwar Matamaye takan fara watsewa. Amalanke na komawa ƙauye, masu rake na karya farashin abin da ya rage, manyan motoci na ɗaure kaya za su Ɗan Barto. A tasha, wata tsohuwar bashe da ta ga shugabanni da yawa tana cika da mutane da buhuna, yaron mota ya naɗe tamfol ɗinta sama don fasinja su sha iska har gida. Allah ya kiyaye hanya.