Lokacin da Tsamiya Ke da Masu Ita

Wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da Ƙafin Maiyaki kafin lantarki da wayar hannu su iso ya san magariba tana da dokokinta. Da rana ta yi ja, sai ka ji iyaye mata suna ƙwala kira: "Kai, ku shigo gida, almuru ta yi!" Daga nan ba a fito da baki, wai kiran iskoki ne. Ba a shara, kada a share arziki. Ruwan zafi kuwa ba a watsa shi a tsakar gida sai da bisimilla, don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. In ka tsallake yaro yana kwance, Inna za ta sa ka dawo ka warware, kada ka hana shi tsawo.

Amma inda camfi ya fi kama ƙasa shi ne wajen neman abinci. Mai tireda da ya kasa kaya a gaban aci-balbal zai sayar maka da ashana da sabulu, amma ka ce allura, sai ya kau da kai ya ce, "Malam, bari sai gari ya waye." Da safen ma, ba ya buɗe kasuwa da bashi ko da ɗan'uwansa ne. Manomi kuma, ranar da ake kai dawa rumbu, ka tambaye shi dami nawa ya samu, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, an samu na tuwo." Kambun baka yake gudu. A bakin gonar rake ko rogo za ka ga sanda a kafe, an ɗaure mata laya da jan ƙyalle, ta koɗe saboda rana da ruwan sama. Mai gonar na barcinsa a gida, kuma ko yara masu ƙiriniya sai su ratse su bi wata hanya.

Wannan yanki na kudancin Kano ya daɗe yana da gidajen Maguzawa, waɗanda suke yanka wa iskoki kaza a gindin bishiya kafin a shiga aikin damina. Irin rayuwarsu ce wani mai bincike, Joseph Greenberg, ya zauna ya nazarta a ƙasar Kano a 1938 da 1939. Maƙwabtansu Musulmi ba sa wannan yanka, amma kowa ya tashi da jin cewa tsohuwar tsamiya da kuka suna da masu su. Ba a hawa da tsakar rana, balle a sa musu gatari. Maharban da ke shiga dajin Falgore ta wajen Tudun Wada da Doguwa ma haka suke: ba sa kutsawa sai da shiri da izinin manyansu, kuma akwai namun da maharbi ke gani ya sauke baka, ya ce wannan ba nama ba ne. Gwamnati ta mayar da dajin gandun namun daji a 1969, amma kafin ma'aikaci mai kaki ya zo, wannan tsoron ne ke gadin wurin.

Abubuwa sun sauya da sauri. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya ci garuruwa da gonaki da bishiyoyin da ake shakka. Makarantun boko da na Islamiyya suka yawaita, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, wa'azi ya shiga lungu da saƙo. Kuma malamai sun yi gaskiya a wurare da dama. Ba na kewar zamanin da ake ce wa amarya mai farar ƙafa don shanun mijinta sun mutu, ko a hana yaro ƙwai wai zai yi sata, ko a laƙaba wa tsohuwa maita don ba ta da gata.

Abin da nake kewa shi ne tsentsenin da ke ƙunshe a ciki. Kakar da ta hana shara da dare ta san ɗan kunne da kwabo na iya bin tsintsiya a duhu. Wadda ta hana zuwa rafi da tsakar rana ta san ba babba ko ɗaya a wurin a lokacin. An yar da camfin, an manta a ɗauki hikimar, shi ya sa yau buhunan gawayi ke jere a bakin titin Jos, kuma ba mai tambayar wace bishiya aka kayar.

Har yanzu akwai dattawa a Kiru da Bebeji da Doguwa da suka san dalilin kowace doka daga cikin waɗannan. Mai karatu, in kana da irinsu a gida, ka zauna da su ka tambaya, ka rubuta tun suna raye.