Wutar da Muka Ɗora Kan Kwano

Gidanmu ya canza mai ba shi wuta a ƙarshen shekarar 2023, kuma ba ni na yanke shawarar ba. Uwargida ce, ita da wani tsohon littafin lissafi da ɗiyarmu ta bari da sauran shafuka. Sai dai wanda bai san abin da muka baro ba, da wuya ya gane abin da zai sa malamin makaranta ya sayar da ragunan da ya turke don Babbar Sallah, ya sayo gilashi ya shimfiɗa a kan kwanon ɗaki.

Lokacin da muke yara a Kontagora, hasken dare aikin ƙaramin gida ne. Da la'asar sakaliya Inna za ta miƙo maka fitilar ƙwai. Ka ciro ƙwan a hankali, ka goge baƙin hayaƙin jiya da tsumma, ka datse bakin lagwani, ka zuba kananzir ba tare da ɗigo ya taɓa ƙasa ba. In ka fasa ƙwan, ranar sai dai ka kwana gidan kakarka. Masu tallan dare, da mai ƙosai da mai gyaɗa, aci-balbal suke ɗorawa a gefen faranti. A makarantar allo kuwa kowa da ɗan karan da zai kawo, a hura wuta a zagaye ta, gaba zafi baya sanyi. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne Inna ta san daren da kwalbar kananzir za ta ƙare tun ranar da aka sayo ta. In baƙi suka zo aka daɗe ana hira, ta san an ci mata dare guda, kuma ta san inda za ta mayar da shi. Haskenta kaɗan ne, amma lissafinsa yana hannunta.

Ina sakandare waya ta iso unguwarmu. Mun sha ji a aji cewa an gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi tsohuwar Busa da ƙauyuka masu yawa na bakin Kwara, dubban mutane suka bar gonaki da kaburburan iyayensu domin ƙasa ta samu wuta. A 1972 aka kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA. Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990, ga kuma Zungeru ta baya-bayan nan mai megawat 700. Jihar Neja ta ci sunanta na jihar wutar lantarki, har maƙwabtanmu na Yamai daga nan ake tura musu ta Birnin Kebbi. Daren da aka fara kunna ƙwai a zaurenmu, dattawa sun zauna har bayan Lisha suna kallonsa, ba hirar kirki.

Wayar ta kawo haske da fanka da ruwan sanyi, ta kuma karɓe abin nan da Inna ke riƙe da shi. Babu mai iya ce maka ga lokacin da wuta za ta zo ko ga lokacin da za ta tafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 tana rabon abin da yawanci bai wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, dole a yi karɓa-karɓa. Gidan da ba shi da mita kuma, ko'ina a ƙasar nan, kintace ake yi masa a ƙarshen wata. An sauya wa NEPA suna zuwa PHCN a 2005, an miƙa rarraba wutar ga kamfanoni 11 a watan Nuwamban 2013, kowanne da yankinsa. Magidanci dai ba a ba shi zaɓi ba. Wayar da ta bi ta ƙofar gidanka, ita ce taka.

Na taɓa jin wani ɗan'uwanmu da ya yi karatu a Ingila yana ba da labarin yadda can, tun ƙarshen shekarun 1990, mutum ke barin kamfanin wuta ya koma wani mai sauƙin kuɗi, waya ɗaya mita ɗaya, sunan da ke kan takarda kawai ke canzawa. Muka yi ta jinjina kai. Ya ƙara da cewa a 2021, da iskar gas ta yi tsada, ƙananan kamfanonin nan masu araha fiye da ashirin suka durƙushe, har da wani mai suna Bulb da ke da gidaje sama da miliyan ɗaya da rabi. Wannan ɓangaren bai dame mu ba. Mu da ba mu da na biyu, ina ruwanmu da faɗuwar na ashirin.

Na biyun namu shi ne janareta. Bayan wayar salula ta shigo a 2001, caji ya zama larura, sai ƙaramin injin nan da ake yi wa kirari da "na fi maƙwabcina" ya cika gari. Kowa ya iya haɗa fetur da baƙin mai, kowa ya iya kankare fulogi da reza, kowa ya san ciwon kafaɗa na jan igiya. In dare ya yi, layinmu ba ka jin sallamar mai sallama. Tsoron ɓarayi kan sa wasu su shigar da shi ɗaki ko su ajiye shi bakin taga, kuma ba sau ɗaya ba aka ji labarin iyalin da hayaƙinsa ya kwashe cikin barci. Duk da haka mun riƙe shi shekara da shekaru, don fetur na da sauƙi, kuma ba wanda ya taɓa zama ya tara kuɗin da yake ci. Na yau ka biya yau, gobe ma Allah na nan.

Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a watan Yuli ta wuce 600. A nan ne littafin ya fito. Wata uku tana rubutu ban sani ba: fetur, baƙin mai, kuɗin bakanike, batiran tocila, ƙanƙarar da take saye don zoɓon sayarwa, da takardar wata. Wani dare bayan an ci tuwo ta ajiye mini shi a kan tabarma.

"Malam, duba nan. Injin nan lita ɗaya ba ta kai shi awa biyu cikakku. Daga Magariba zuwa goma na dare, lita biyu da ɗoriya. Ninka da talatin."

Na ninka. Ya doshi naira 40,000, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 30,000.

"To, Hajiya, sai mu rage kunnawa."

"Mun rage tun watan jiya. Wannan na bayan ragewar ne."

Sola ba baƙuwa ba ce a garin. Mun saba ganinta a fitilun titi da rijiyoyin burtsatse da wasu masallatai. Tun wajajen 2017 akwai akwatin nan na Lumos da ake biya ta layin MTN, daga baya kayan Sun King da ire-irensu suka bazu, ka ba da kafin alƙalami a kawo maka, kana biya kaɗan-kaɗan, in biya ya tsaya na'urar ta kulle kanta. Tsari ne da ya taimaki mutane da yawa, amma in ka tara abin da za ka biya zuwa ƙarshe ya fi kuɗin hannu nesa ba kusa ba. Hajiya ta ce ita ba ta son bashi mai makulli. Aka tsaya a kan saye gaba ɗaya, da raguna da kwasar adashinta.

Mai haɗawa na farko da aka kawo mana, kuɗinsa ya yi daɗin ji har ya ba ni tsoro. Na biyun tsohon ɗalibina ne, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kalli takardar wancan ya yi murmushi.

"Malam, araha ba ta ado. Akwai allon da aka rubuta wat 300 a bayansa, in ka auna ko 200 bai kai ba. Akwai batirin da ya gama aiki a wani wuri aka wanke shi aka sake masa fenti. Ni ba girman gida zan tambaye ku ba. Me za ku kunna, kuma awa nawa?"

Ya sa muka zagaya ɗaki-ɗaki yana rubutu. A wurinsa na fara jin abin da shekaru arba'in na zama da waya ba su koya mini ba. Tsohon ƙwan nan mai zafi wat 60 yake ci, sabon farin nan bai wuce 10 ba, haske kuma kusan ɗaya. Fankar sama tana shan wajen 70, ta sola mai tsayuwa ba ta kai rabin haka ba. Dutsen guga shi kaɗai 1,000, wato ya fi duk ƙwayayen gidan da fankokinsa a haɗe. Allo mai wat 300 na gaskiya, a ranar da gari ya yi garau, zai tara maka abin da ya ɗan haura yunit ɗaya. Batiri mai ruwa na 200 kuwa yana ɗaukar kusan yunit biyu da rabi, amma rabi ne naka, in kana zuƙe shi ƙaf kullum ba zai yi shekara biyu ba.

"Firiza fa?" in ji Hajiya.

"Mama, a bar firiza tukuna. Tashinta kaɗai sai ya sa inbatar nan kuka."

Ba ta ji daɗi ba, don firizar ce rabin burinta. Amma ta rubuta.

Wani abin takaici shi ne lokacin da muka shiga kasuwar. A duniya kuɗin allon sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, saboda masana'antun ƙasar Sin, inda ake ƙera mafi yawansa. Mu kuwa a watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Kayan na sauka a can, suna hawa a nan. Mai shago kan faɗa maka kuɗi da safe ya ce iyakarsa la'asar. Waɗanda suka ce bari su jira abin ya lafa, su suka fi shan wuya.

Sabon mai ba mu wutar yana da halinsa, sai da muka koye shi. Ba ya aiko da takarda, amma yana son hidima. Mun haɗa ana tsakiyar hunturu, ƙura ta kwanta a kan allunan, cajin ya ragu, sai da aka mayar da hawa tsani da bokiti da tsumma aikin autanmu duk bayan 'yan kwanaki. Batiri yana son a duba ruwansa, kuma ba ruwan rijiya ba, tataccen ruwan batir. Watan Agusta, in hadari ya kwana uku bai ɗaga ba, talabijin hutu take tafiya. Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar zafin bazara, a nan muka san mun yi ciniki: fanka na juyawa har sahur, kuma in liman ya ja sura a Tarawihi ana jin sa daga tsakar gida. A cikin wannan Afrilun ne aka mayar da yunit ɗaya na wutar gari naira 225 ga waɗanda ke rukunin da ake kira Band A, zuwa ƙarshen shekarar kuma fetur ya haura 1,000. Hajiya ba ta ce komai ba, ta dai bar littafin a buɗe inda zan gani.

Yara suka koyi karanta lambobin da ke jikin inbata. Na ji ƙaramar jikata tana ce wa yayanta, "Yaya, kashe na zaure, ya sauko sha biyu da ɗigo ɗaya." A nan na tuna Inna da kwalbarta. In an tambaye ni abin da muka saya da kuɗin ragunan nan, ba zan fara da araha ba, ko da yake arahar ta tabbata. Mun sayi sanin abin da muke da shi yau da dare, da abin da zai rage zuwa asuba. Wayar gari ma ba mu yanke ta ba. In an kawo, a yi guga, a tura ruwa tanki, batiri ya ƙara ƙoshi. Ta koma mai taimako bayan ta shekara arba'in tana mulki.

Sai dai wannan arahar tana da kuɗin shiga, kuma shi ne ba a cika faɗa ba. Maƙwabcinmu ɗan haya ne, ɗaki ɗaya da iyali, yana tura baro a kasuwa. Rufin ba nasa ba ne balle ya ɗora allo, kuma ba shi da rago balle ya sayar. Yana biyan mai shagon caji kullum, yana sayen batiran tocila masu mutuwa cikin kwana kaɗan, yana sayen ƙanƙara ƙulli-ƙulli lokacin azumi. In aka auna ɗan abin da yake samu da abin da yake biya, duk layin nan ba mai sayen wuta da tsada kamarsa. Yanzu wayoyin gidansa a zaurenmu suke kwana, amma wannan maƙwabtaka ce, ba tsari ba. Tsarin da ya fi kama da nasa shi ne irin wanda aka buɗe a ƙauyen Rokota na ƙaramar hukumar Edati a watan Disambar 2019, ƙarƙashin hukumar samar da wuta a karkara da tallafin Bankin Duniya: tashar sola guda ga gari duka, kowa da mitarsa, ka sayi daidai aljihunka. Irin wannan an fi kai shi inda waya ba ta je ba. Talakan cikin gari, da yake turke na tsaye a ƙofarsa, ana ƙirga shi cikin masu wuta.

Mu ma lissafinmu bai rufe ba. Batiri mai ruwa 'yan shekaru yake yi, na litiyam da ke daɗewa kuɗinsa ya ninka, saboda haka wani abu daga kuɗin fetur ɗin da aka huta da shi dole a riƙa ajiye shi gefe. Sannan ga madafa. Duk allunan da ke kan kwanon nan ba su taɓa dafa mana tukunyar wake ba. Kananzir ɗin da gwamnati ke cewa naira 50 har farkon 2016 ya fi ƙarfin risho tuntuni, gas ana cika shi a lallaɓa, saura duka itace ne da gawayi. Kullum ana ganin motocin buhunan gawayi suna fitowa daga dazuzzukan da ke kewaye da mu suna bin hanyar Tegina, kuma masu kawo itace sun ce tafiyar da suke yi kafin su samu na kirki ta ƙaru. A littafin Hajiya, shafin da ya fi kowanne nauyi yanzu shi ne na girki.